Littafin Bashi

Teburina na jingine da shingen Talata Mafara,
tayu uku, ganga ɗaya, da katako mai ƙusoshi.
Shekara shida ina dafa wa masu bindiga shayi.
Na san mai son madara, na san mai cin bashi,
na kuma san yadda suke karanta mota:
takarda ba ta dame su ba, fuska suke dubawa.

Mai baƙin gilashi ya wuce, an sara masa.
Mai babbar riga ya miƙa ɗari biyu a ninke,
an ce Allah ya kiyaye hanya.
Sai a-kori-kura ta tsaya maƙil da 'yan kasuwa,
Kofur ya leƙa yana zaɓe kamar mai sayen tumatir:
kai mai dogon hanci, kai mai sanda,
kai da Hausarka ke tuntuɓe,
sauko.

Ran kasuwa aka sauke Maunde.
Gemu bai ko yi masa sallama ba.
A aljihunsa kuɗin maraƙi ne,
da takardar asibiti, maganin hawan jinin tsohuwarsa.
Suka ce kuɗin fansa ne.
Ya ce, "Mi niy yi?"
Suka ce, "Kamarka ta isa."
Takalminsa ɗaya na roba ya faɗo gaban murhuna.
Ni ina fasa ƙwai.
Ban ɗaga kai ba.

Kada a ce ban san zafin daji ba.
Ƙanena Rilwanu a gona aka harbe shi, hanyar Anka,
fartanya na hannunsa,
kuma an ce da harshen su Maunde maharan ke magana.
Na daɗe ina tafasa wannan a ƙirji
tare da citta da kanumfari.
Sai dai waɗanda suka sa ni wankan gawa
ba su taɓa bin ta shinge ba, suna da hanyarsu.
Shinge wanda ya biyo titi yake kamawa.

Kwana tara shiru.
Sai ga Hajo, da sandar dogarawa,
ta zauna ƙofar caji ofis, ta kife ƙwaryarta.
Ba ta ce uffan ba.
Washegari su bakwai ne.
Talatar da ta zagayo, ƙore arba'in a kife a ƙasa,
kasuwa ba nono, fura ta bushe a faifai.
Masu ƙosai suka sauke kasko, suka zo suka raɓa.
'Yan acaɓa suka kashe inji.
Malama Suwaiba ta firamare ta yago kwali,
ta rubuta da gawayi duk sunan da wata uwa ta faɗa,
har ashirin da uku,
wasu tun daminar bara.

Na ciro takalmin nan daga ƙarƙashin tebur.
Hannuna na rawa, ban ɓoye ba.
Na ajiye shi tsakiyar ƙoren.
Kofur ya ce, "Har da kai, Mai Shayi?
Ka manta Rilwanu?"
Na ce ban manta ba,
kuma bashinka ya kai dubu huɗu.

Bayan la'asar suka sako Maunde,
yana jan ƙafar hagu,
ba kuɗin maraƙi, ba takarda, ba mai cewa yi haƙuri.
Hajo ta shafa kansa, ta birkice ƙwaryarta,
sannan ta dubi kwalin,
ta sake kife ta.
Saura ashirin da biyu.

Har yau ina hura wuta da asuba a wurin.
Ciniki ya ragu, suna aika yaro can tsallaken titi.
Tsohon littafin bashi na nan cikin aljihun tebur,
amma shafukan baya na ba su wani aiki:
rana, ƙarfe nawa, lambar mota,
sunan wanda aka ce ya sauko,
da ƙauyen da za a kai wa uwarsa labari.